TARIHIN KAZAR SILIKI: KYAN DA YA ZAME MATA RAUNI



Akwai wata kaza a duniya wadda in ka hango ta daga nesa sai ka rantse curin auduga ne iska ta gangaro da shi. In ka matso ka shafa ta sai ka ji kamar bayan kyanwa. In kuwa aka yanka ta aka fige, to nan ne za ka riƙe baki, domin fatarta baƙa ce, namanta da duhu, kai hatta ƙashinta baƙi ne. Turawa suna kiranta Silki saboda laushin gashinta, Sinawa kuma suna ce mata wu gu ji, wato kaza mai baƙin ƙashi. Mu a nan bari mu kira ta kazar siliki.

Abin da ya sa tarihinta ya cancanci a tsaya a bi shi daki-daki shi ne, gashin nan da ya sa sarakuna da attajirai suka yi ta rububinta, shi ne ya hana ta tashi sama, shi ne kuma ya hana ta kare kanta daga ruwa. Da an bar ta da dabararta da tuni ta ɓace. Ta kawo yau ne saboda sama da shekara 700 ba a taɓa rasa masu ɗaukar ɗawainiyarta ba, kuma duk wanda ya saye ta a yau ya gaji wannan ɗawainiya, ko ya sani ko bai sani ba.

MATAFIYA BIYU DA LABARI ƊAYA

Duk kajin gida na duniya sun samo asali ne daga wata kazar daji mai jan gashi da ke kurmin kudu maso gabashin Asiya. Wani bincike da aka fitar a 2022 ya nuna cewa ƙasusuwan kazar gida mafi daɗewa da aka tabbatar an tono su ne a wani wuri da ake kira Ban Non Wat a ƙasar Tailan, kuma sun kai shekara 3,000 da ɗoriya. Ita waccan kazar daji tana tashi sama, tana kwana a kan bishiya, ruwan sama kuma zamewa yake yi a bayanta. Ka riƙe wannan siffa, mai karatu, domin za ka ga yadda jikarta ta yi hannun riga da ita.

Mutumin da ya fara kai labarin kazar siliki ƙasashen Turai shi ne Marko Polo, ɗan kasuwar nan na birnin Benis a Italiya. Ya bar gida a 1271 yana ɗan shekara 17 tare da mahaifinsa da baffansa, ya zauna a ƙasar Sin zamanin sarki Kubilai Kan, bai komo ba sai 1295. Da aka kama shi a yaƙi aka tsare shi a kurkukun Jenowa, a can ne wajen 1298 ya riƙa ba wani marubuci mai suna Rustichello labarin tafiyarsa yana rubutawa. A cikin labarin ya ambaci wani birni da ya kira Kelinfu, wanda masana suka ce shi ne Jian'ou na yanzu a lardin Fujian, ya ce a can akwai kaji baƙaƙe da ba su da gashin tsuntsu sai irin na kyanwa, suna yin ƙwai kamar kowace kaza, namansu kuma da daɗi.

Mutanen garinsu da yawa sun ɗauki labaran Marko Polo a matsayin shaci-faɗi, kuma kaza mai gashin kyanwa ai ba ta taimaka masa ba. To amma bayan kamar shekara 30 sai ga wani limamin Kirista mai suna Odoric, shi ma ɗan Italiya, ya ratsa wannan lardi na Fujian. Shi kuma a birnin Fuzhou ya ce ya ga kaji farare tas, masu ulu a jiki kamar tumaki. Wato ke nan tun farkon ƙarni na 14 akwai baƙa akwai fara, alamar cewa an riga an daɗe ana zaɓen irin ana haɗawa.

KAZAR MAGANI

Su Sinawa ba don kallo kaɗai suka riƙe ta ba. Babban likitan nan nasu Li Shizhen, wanda ya rayu daga 1518 zuwa 1593, ya shafe shekara 27 yana tattara littafinsa na magunguna mai suna Bencao Gangmu. Ya kammala shi a 1578, aka buga a 1596 bayan rasuwarsa, kuma ya ƙunshi magunguna 1,892. A cikinsu har da kaza mai baƙin ƙashi. Ya bayyana cewa akwai mai farin gashi, akwai mai baƙi, akwai mai roɗi-roɗi, sannan ya ba mai saye dabara: ya buɗe bakin kazar ya duba harshe, in baƙi ne to nama da ƙashi ma baƙaƙe ne, ita ce kuma ta fi kyau a haɗa magani.

A al'adar Sinawa, mace in ta haihu takan yi zaman wata guda a ɗaki ana kula da ita, kwatankwacin jegon matanmu. Cikin abin da ake dafa mata akwai farfesun wannan kaza da citta da wani jan 'ya'yan itace ɗan uwan magaryarmu, bisa imanin cewa yana ƙara jini yana mayar da ƙarfi. Haka ake ba tsofaffi da wanda ya tashi daga jinya. Akwai kuma wata tsohuwar ƙwayar maganin mata mai suna Wuji Baifeng Wan da ake haɗawa da namanta, wadda gidan magani na Tongrentang, da aka kafa a Beijin a 1669, ya yi suna wajen sayarwa. Wannan imani na likitancin gargajiya shi ya ɗaga darajarta, daraja kuwa ita ke sa manomi ya yi wa kaza ɗaki ya hana ta cuɗanya da sauran kaji.

Garin da ya fi shahara da ita shi ne Taihe a lardin Jiangxi, maƙwabcin Fujian. Mutanen Taihe suna da siffofi goma da suke auna kaza da su kafin su yarda ta asali ce: dunƙulallen zanko mai duhu, tukku a ka, kunne mai launin shuɗi-kore, gemu, gashin siliki, gashi a ƙafa, yatsu biyar maimakon huɗu, baƙar fata, baƙin nama, da baƙin ƙashi. Suna ba da labarin cewa an taɓa kai ta gaisuwa fadar sarki Qianlong, wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, suna kuma alfahari da cewa an baje ta a babban bajekolin duniya na 1915 a Amurka. Kai, a watan Maris na 2002 kumbon Sin mai suna Shenzhou na 3 ya tafi da ƙwanta guda 9 sararin samaniya, da aka dawo da su 3 suka ƙyanƙyashe. A ƙasar Japan ma, inda ake ce mata ukokkei, gwamnati ta sa ta cikin halittun da ake karewa tun 1942.

'YAR ZOMO DA KAZA

Da ta isa Turai sai ta sauya sana'a, ta tashi daga tukunyar magani ta koma abin kallo. Wajen shekarar 1600 wani masani a jami'ar Bolonya ta Italiya, Ulisse Aldrovandi, ya rubuta babban littafi kan tsuntsaye, a ciki ya kawo zancen kaji masu ulu. Daga baya, da jiragen ruwa suka yawaita zirga-zirga zuwa gabas, sai kazar kanta ta iso. Ana ba da labarin cewa wasu dillalai a ƙasar Holan sun riƙa gaya wa masu saye wai zomo ne ya haɗu da kaza aka same ta, masu wasan nishaɗi kuma suka riƙa karɓar kuɗi kafin a shiga a gan ta. Dillali dai duk inda yake halinsa ɗaya ne.

Masana kuwa wani abin suka hango. Charles Darwin, a littafinsa na 1868 kan dabbobi da tsirran gida, ya yi bayaninta, har ya haɗa farar kazar siliki da baƙin zakara irin na Sifen, aka sami wani zakara da ya ɗebo kamannin jar kazar dajin nan ta asali. A 1874, da ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta fitar da littafinta na farko na siffofin kaji, kazar siliki na ciki. A 1911 kuma masana biyu na Ingila, Bateson da Punnett, suka wallafa binciken yadda baƙin jikinta yake bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya.

SIRRIN GASHI DA BAƘIN ƘASHI

To, me ya sa gashinta ya zama haka? Ɗauki gashin fiffiken kazar gidanku ka duba da kyau. Za ka ga sanda a tsakiya, da rassa hagu da dama, kowane reshe kuma yana da ƙananan rassa masu 'yan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, waɗanda ke sarƙe juna kamar zif. Shi ya sa in ka yage gashin ka sake shafa shi sai ya haɗe. Wannan sarƙewa ita ke mayar da gashi faranti guda mai tura iska in tsuntsu zai tashi, mai zamar da ruwa in ana ruwan sama, mai kuma tare iskar sanyi. Ita kazar siliki ƙugiyoyin ne ba su fito ba, don haka kowane sili yana tsaye shi kaɗai, kamar gashin ɗan tsako da ya ƙi girma. A 2014 masu bincike a jami'ar aikin gona ta Sin da ke Beijin, tare da abokan aikinsu, suka gano cewa ɗan canji ne ƙanƙani kusa da wata ƙwayar gado da ake kira PDSS2 ya jawo haka.

Baƙin jikin kuma daban dalilinsa yake. A 2011 masu bincike a jami'ar Uppsala ta Suwidin da abokansu suka nuna cewa wani yanki na gado mai ɗauke da ƙwayar EDN3 ne ya ninku, sai ƙwayoyin da ke samar da baƙin launi suka yawaita suka bazu har cikin nama da fatar ƙashi. Irin wannan canji yana jikin wasu kajin ma, kamar Ayam Cemani ta Indonesiya da Kadaknath ta Indiya.

Ga inda zancen yake, mai karatu. Gashin siliki hali ne mai ɓuya. In ka haɗa kazar siliki da zakara mai gashi irin na kowa, 'ya'yan farko duk da gashi irin na kowa za su fito. Sai an haɗa waɗannan 'ya'yan da junansu kafin a sami kamar ɗaya cikin huɗu mai gashin siliki. Ma'ana, da manoman Fujian da Jiangxi sun saki kajinsu suna yawo suna cuɗanya yadda suka ga dama, da gashin ya narke cikin sauran kaji, wanda ya fito da shi jifa-jifa kuma shirwa ko ruwan sama ya gama da shi. Hannun mutum ne ya ware ta, zuriya bayan zuriya, tun kafin a san wani abu wai shi ƙwayar gado.

ABIN DA TA BIYA MUTUM DA SHI

Kada a ce ita ba ta saka da komai ba. Ƙwai dai ba ta da yawa, kamar 100 zuwa 120 a shekara, ƙanana, alhali kazar gidan gona tana kusantar 300. Jiki ma ba ta da shi, irin da aka fi kiwo a Amurka nauyinta bai wuce kilo ɗaya ba. Amma wajen kwanci da raino da wuya a sami ta biyunta. Tana yin 'yan ƙwai kaɗan sai ta kwanta, kuma ba ruwanta da na wane ne. Kafin injin ƙyanƙyasa ya wadata, masu kiwon tsuntsaye a Turai ita suke sa wa ƙwan agwagwa da na salwa da na wasu tsuntsayen daji, kamar dai yadda matanmu na karkara ke sa wa kaza ƙwan zabo. Nata ƙwan kwana 21 ne, na agwagwa 28, duk tana iya jurewa. Ga ta da sanyin hali, yaro ma yana ɗaukarta, shi ya sa sauran kaji suke cin zalinta in aka haɗa su akurki ɗaya.

KULA DA ITA LOKACIN SANYI

Wanda ya fahimci zancen ƙugiyoyin nan ya riga ya san rabin kiwonta. Sanyi shi kaɗai bai cika kashe babbar kazar siliki ba, domin ana kiwonta har a ƙasashen da ƙanƙara ke zuba. Abin da ke kashe ta shi ne sanyi ya haɗu da jiƙa. Gashinta yana shan ruwa kamar tsumma, ya manne a fata, zafin jikinta da ya kai digiri 41 a ma'aunin Selshiyas ya yi ta zurarewa. Don haka dole akurkinta da filin shan iskarta su kasance da rufi. In tsautsayi ya sa ruwa ya dake ta, a goge ta da tawul, a ajiye ta wuri mai ɗumi, kada a bar ta ta kwana sai ta bushe ƙayau.

A shimfiɗa mata ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri, a riƙa sauyawa da zarar ya yi laima, domin gashin ƙafarta yana kwasar taɓo da kashi, daga nan kuma sai ciwon ƙafa. A toshe kafofin da iska ke bugun ta kai tsaye, amma a bar taga ta sama, saboda in aka rufe ko'ina ruf warin kashi da tururin numfashi su ne za su kawo mata ciwon ƙirji. Sandar kwana a yi ta ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, tunda ba ta iya tashi, wasunsu ma sun fi son su taru a lungu su kwanta jikin juna. 'Yan tsaki da ba su da uwa suna bukatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako.

Yanzu da kajin ado suka fara shiga gidajen masu sha'awa a garuruwanmu, mai kiwonta ya san cewa maƙiyanta biyu ne a nan: ruwan damina, da iskar hunturu ta asuba. Lokacin hunturu ne kuma cutar Newcastle ta fi yi wa kaji kisan kiyashi, ga shi ita kazar siliki an san ta da saurin kamuwa da cutar Marek mai shanye ƙafa, wadda ake yi wa tsako allurarta tun ranar da ya fito. A nemi likitan dabbobi tun ba a ga alama ba, rigakafi ya fi magani.

KULA DA ITA LOKACIN ZAFI

Taihe gari ne mai zafi da gumi a tsakiyar shekara, don haka zafi ba baƙonta ba ne. Sai dai kaza ba ta zufa. Hanyarta ta rage zafi ita ce haki da buɗe fukafukai, sai kuma ta zanko da ƙafafu inda jini ke kusa da iska. To ita wannan zankonta ƙarami ne, tukku ya rufe shi, ƙafafun ma gashi ne. Da zafi ya haura digiri 30 kaji sukan fara jigata, balle bazara irin ta Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai da ke wuce 40 a watan Afrilu.

Abu na farko inuwa ce ta gaske, ta bishiya ko rumfar zana, domin akurkin kwano da rana tsaka tanda ne. Na biyu ruwa mai sanyi da ba ya yankewa, a ajiye shi a inuwa, a sauya sau biyu ko uku a yini, a cikin mazubi mai ƙaramin baki don kada tukku da gemu su yi ta jiƙa. Abinci a ba ta da sassafe da kuma la'asar sakaliya, saboda narkar da abinci ma zafi yake haifarwa. Ana iya yayyafa ruwa a ƙasan rumfa don ta kwanta a kan sanyin ƙasa. In ka ga tana haki ba ƙaƙƙautawa, fukafukai a sake, ta kasa tsayuwa, a kai ta inuwa nan take a tsoma ƙafafunta a ruwa mai ɗan sanyi, ban da na ƙanƙara.

A sa ido musamman kan wadda ke kwanci, domin son ƙwai yakan sa ta ƙi tashi ko shan ruwa. A ɗaga ta sau ɗaya ko biyu a yini ta ci ta sha. A rage mata gashin da ya rufe ido da almakashi, a hankali, don ta ga ruwa ta kuma ga shirwa. A tanadar mata busasshen rairayi da toka na birgima, a riƙa buɗa gashin ana duba ƙwarƙwata da ƙuma, tunda cunkoson gashi maɓoya ce a gare su. Wasu 'yan tsakin kuma ƙoƙon kansu yana da tudu mai taushi ƙarƙashin tukku, sara ɗaya daga babbar kaza ya isa ya illata su, don haka a raba su.

KAMMALAWA

Daga kasuwannin Fujian zamanin Marko Polo zuwa tukunyar masu jego, daga rumfar 'yan kallo a Turai zuwa ɗakin bincike da cikin kumbo, mutane sun ci moriyar wannan 'yar kaza ta fuskoki da dama, kuma kowane zamani sai da aka sami wanda ya yi mata rufi ya zuba mata ruwa. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ga hotonta a waya ya ji tana burge shi, to kafin ya taya, ya fara duba gidansa: akwai rufi, akwai inuwa, akwai wanda zai tashi da dare in hadari ya haɗo? In babu, ya bar kuɗinsa a aljihu ya sayi kazar Hausa, ita ta san yadda za ta yi da kanta. In kuwa akwai, to bismillah.

Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo.